Paul Robeson, tauraron da Amurka ta ƙwace wa fasfo har shekaru takwas

Ranar 18 ga watan Mayun 1952, aka faka wata babbar mota mai buɗaɗɗen baya daidai kan iyakar Amurka da Kanada, a wani lambu da ake kira Peace Arch kusa da garin Blaine na jihar Washington. Wani dogon baƙin mutum mai shekaru 54 ya hau bayan motar, yana cikin ƙasar Amurka, ya fuskanci dubban jama'ar da akasarinsu suka fito daga ɓangaren Kanada, ya soma waƙa. Ƙungiyar ma'aikatan haƙar ma'adinai ce ta shirya taron, saboda a farkon wannan shekarar jami'an Amurka sun hana shi tsallakawa zuwa babban taronsu a Vancouver, alhali a lokacin ɗan Amurka ba ya ma buƙatar fasfo kafin ya shiga Kanada.

Sunan mutumin Paul Robeson. Shekaru goma kafin wannan rana da wuya a sami baƙar fata a duniya da ya kai shi suna. Mawaƙi ne, ɗan wasan kwaikwayo na dandali da na sinima, lauya, tsohon gwarzon ƙwallo. Amma yau idan ka tambayi matasanmu a Maradi ko Damagaram, kowa ya san Martin Luther King, kowa ya san Malcolm X da Muhammad Ali, shi kuwa sai a yi shiru. Wannan shirun ba haka kawai ya zo ba, aiki aka yi a kansa.

An haife shi ranar 9 ga Afrilun 1898 a Princeton, jihar New Jersey. Mahaifinsa, William Drew Robeson, cikin bauta aka haife shi a jihar North Carolina. Ya gudu a 1860 yana ɗan shekara 15, ya yi karatu har ya zama limamin coci. A 1901 aka matsa masa ya sauka daga jagorancin cocinsa na Princeton, ya koma tuƙa keken doki da kwasar toka a gidajen mutane don ciyar da iyalinsa. Mahaifiyar Paul, Maria Louisa Bustill, malamar makaranta ce. Ta rasu a 1904 sakamakon wutar murhu da ta kama tufafinta, Paul bai cika shekara shida ba.

A 1915 ya shiga jami'ar Rutgers da guraben karatu da ya ci ta hanyar jarrabawa, shi ne baƙar fata na uku da ya taɓa shiga makarantar. Da ya je gwajin shiga ƙungiyar ƙwallon Amurka, wato wadda ake rungumar ƙwallo ana bangaje juna, abokan wasansa da kansu suka taru a kansa, suka karya masa hanci, suka gurɗe masa kafaɗa. Ya warke ya dawo. A 1916 wata jami'a daga kudancin ƙasar ta ce ba za ta shiga fili da baƙi ba, sai kocinsa ya zaunar da shi a benci. Duk da haka a 1917 da 1918 an sa shi cikin jerin gwanayen ƴan wasan jami'o'in Amurka baki ɗaya, kuma a 1919 shi ɗaliban ajinsu suka gabatar ya yi jawabin yaye ɗalibai. Daga nan ya karanta shari'a a jami'ar Columbia, ya gama a 1923. Aikin lauya bai daɗe ba. A ofishin da ya soma aiki a New York, wata sakatariya farar fata ta ƙi rubuta abin da yake shifta mata, ta faɗa masa dalilin ba da wata kunya ba. Ya ajiye aikin.

Matarsa Eslanda Goode, wadda ya aura a 1921, ita ce ta tura shi dandali, ita ce kuma ta riƙe masa harkokin kuɗi da kwangila shekaru da dama. A 1924 marubuci Eugene O'Neill ya ba shi jagoranci a wasan All God's Chillun Got Wings, labarin wani baƙin ɗalibin shari'a da ya auri farar mace. A wani wuri cikin wasan, matar tana sumbatar hannun mijinta. Wannan kaɗai ya isa jaridu su yi ta kururuwa makonni kafin a buɗe wasan, wasiƙun barazana suka yi ta zuwa, har da na ƴan Ku Klux Klan. Ofishin magajin garin New York ya hana lasisin yaran da za su fito a kashi na farko, da fatan wasan zai rushe. Sai mai ba da umarni ya fito gaban labule ya karanta wannan kashin da bakinsa, aka ci gaba. Sai mai karatu ya tuna cewa a lokacin fiye da rabin jihohin Amurka doka ta haramta auren baƙi da fari, kuma sai a 1967 Kotun Ƙoli ta soke irin waɗannan dokoki.

A 1925 ya fito a fim ɗinsa na farko, Body and Soul, na Oscar Micheaux, wani baƙin mai shirya fim da ke yawo gari gari da finafinansa yana nuna wa baƙi. A wannan shekarar kuma ya soma tsayawa shi kaɗai a dandali tare da makaɗin fiyano Lawrence Brown, suna rera waƙoƙin addini da bayi suka bari, waɗanda har wasu baƙi masu ilimi ke jin kunyarsu a lokacin. Muryarsa mai kauri ce ƙwarai, irin wadda ake ji a ƙirji kafin kunne.

Ingila ce ta mayar da shi tauraro. A 1928 ya fito a wasan Show Boat a Landan a matsayin Joe, ɗan dako a bakin kogin Mississippi, inda ya rera Ol' Man River, waƙar da ta bi shi har kabari. Asalin waƙar ta haƙuri ce da gajiya da rayuwa. Da shekaru suka ja, sai ya riƙa canza mata kalmomi a wurin taro, ya cire kalmar zagin baƙi da ke cikinta, ya mayar da ƙarshenta na mutumin da zai ci gaba da fafutika har mutuwa. A 1930 ya taka Othello a gidan wasa na Savoy tare da Peggy Ashcroft. Shakespeare ya rubuta Othello a matsayin baƙin janar, amma al'adar da aka saba ita ce Bature ya shafa baƙin fenti a fuska ya taka shi. Tun zamanin Ira Aldridge, Landan ba ta ga baƙi ya taka wannan rawa a babban dandali ba. Ingilar ma ba aljanna ba ce. A 1929 an hana shi cin abinci a ɗakin cin abinci na otal ɗin Savoy.

A Landan ne ya san Afirka, ba ta littafi kaɗai ba. Ya yi hulɗa da ɗaliban Afirka ta Yamma da ma'aikatan jiragen ruwa, ya yi rajista a makarantar nazarin Gabas da Afirka ta jami'ar Landan a 1934 yana koyon Swahili. Wannan ƙauna ce ta ja shi cikin babban kuskurensa na sinima.

Fim ɗin shi ne Sanders of the River na 1935, wanda ƴan'uwa Alexander da Zoltan Korda suka shirya daga labaran Edgar Wallace. Labarin a Najeriya ta zamanin mulkin mallaka aka ajiye shi. Zoltan Korda ya zo Afirka ya ɗauko hotunan raye-raye da kiɗe-kiɗe na gaske, Robeson ya gani ya yi murna, ya ɗauka a ƙarshe za a nuna wa Turawa cewa Afirka na da al'ada mai daraja. Ya karɓi rawar Bosambo, wani sarki. Cikin ƴan Afirkan da aka ɗebo don cika fili har da wani ɗalibi ɗan Kenya, Jomo Kenyatta. Da aka gama haɗa fim ɗin sai ga abu daban: Baturen mulki shi ne uba mai hikima, da zarar ya juya baya ƙabilu sun kama kashe juna, Bosambo kuwa yaron Bature ne mai biyayya sanye da fatar damisa yana rera masa yabo. Fim ɗin ya yi kasuwa sosai a Birtaniya. Ƴan Afirka da ke Landan suka ji haushi, Marcus Garvey ya caccake shi a rubuce. Robeson ya fito fili ya barranta da fim ɗin. Amma a gaskiya duk wanda ya san labaran Wallace ya san inda suka dosa, kuma mutum mai ilimin Robeson bai kamata ya faɗa wannan rami ba.

Darasin da ya koya shi ne cewa ɗan wasa ba shi da iko, ikon yana hannun mai yanka fim a ɗakin haɗawa. Don haka ya soma neman a rubuta masa a kwangila cewa sai ya amince da fim kafin a fitar. Cikin finafinan da suka biyo baya, Jericho na 1937 zai ba ɗan Nijar sha'awa. Robeson ya fito a matsayin wani baƙin sojan Amurka na yaƙin duniya na farko, wanda ya yi karatun likita, aka yanke masa hukunci bisa kisan da bai yi da gangan ba, ya tsere ya faɗa Sahara, ya zauna cikin Abzinawa har ya jagoranci ayarin raƙuman gishiri. Wanda ya san ayarin da ke zuwa Bilma da Fachi zai yi dariyar wasu abubuwa a ciki, amma a ƙalla baƙin jarumin bai mutu ba, bai kuma durƙusa wa kowa ba. A The Proud Valley na 1940 ya taka ma'aikacin ramin kwal a Wales, fim ɗin da ya fi so a rayuwarsa, ko da yake a nan ma baƙin ne ya ba da ransa don fararen abokansa su tsira.

A Hollywood lamarin ya fi muni. Ƙa'idar tace finafinai da kamfanoni suka ɗora wa kansu, wadda aka soma aiki da ita da ƙarfi a 1934, ta hana nuna soyayya tsakanin baƙi da fari. Abin da ya rage wa baƙin ɗan wasa shi ne boyi, kuku, ɗan dako ko wawa mai zare ido. Hattie McDaniel, wadda ta fito a matsayin matarsa a fim ɗin Show Boat na 1936, ta ci lambar Oscar a 1940 da rawar baiwa, kuma a daren bikin a wani tebur na gefe aka zaunar da ita, nesa da fararen abokan aikinta. Robeson ya sake gwadawa a 1942 da Tales of Manhattan, inda wata riga cike da kuɗi ta faɗo daga jirgin sama kan wasu matalautan baƙin manoma, suka ɗauka daga sama Allah ya jefo musu. Da ya ga yadda aka nuna su kamar yara, ya kira ƴan jarida ya sanar da cewa ya bar Hollywood, har ya ce a shirye yake ya shiga sahun masu zanga-zanga a ƙofar sinima. Bai sake fitowa a fim ɗin labari ba.

Nasararsa mafi girma a dandali ta zo ne bayan wannan. Margaret Webster ta so ta kai Othello Broadway da baƙin jarumi da farar jaruma, masu kuɗi suka ji tsoro, sai da aka fara gwadawa a ƙananan gidajen wasa a 1942. Ranar 19 ga Oktoban 1943 aka buɗe a New York, Uta Hagen a matsayin Desdemona, José Ferrer a matsayin Iago. An yi wasan sau 296, adadin da babu wani wasan Shakespeare da ya taɓa kaiwa a Broadway. Da suka fita rangadi, sharaɗinsa shi ne ba zai yi wasa a zauren da aka raba wa baƙi da farare kujeru ba. A watan Disambar 1943 ya je gaban masu manyan ƙungiyoyin wasan baseball ya nemi su buɗe ƙofa ga baƙi, abin da bai tabbata ba sai a 1947 da Jackie Robinson.

Siyasa ta daɗe da shiga jininsa. Ya ziyarci Mosko a ƙarshen 1934 bisa gayyatar mai shirya fim Sergei Eisenstein, ya dawo yana mai imanin cewa Tarayyar Sobiyet ta kashe wariyar launin fata. Ya je Sifaniya a 1938 ya yi wa mayaƙan da ke yaƙar Franco waƙa a bakin daga. A 1937 yana cikin waɗanda suka kafa majalisar harkokin Afirka a New York, mai goyon bayan ƴancin ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka da kuma baƙin Afirka ta Kudu. Lokacin da Amurka da Sobiyet ke ƙawance a yaƙin duniya na biyu babu wanda ya damu. Da yaƙin cacar baka ya soma, komai ya juye.

A watan Yulin 1946 aka harbe baƙi huɗu, maza biyu da matansu, a jihar Georgia, ba a hukunta kowa ba. A watan Satumba Robeson ya jagoranci tawaga zuwa fadar White House, ya nemi shugaba Harry Truman ya kawo dokar tarayya kan kisan gilla da gungun farare ke yi wa baƙi, ya kuma gargaɗe shi cewa in gwamnati ba ta kare baƙi ba za su kare kansu. Truman ya ji maganar a matsayin barazana, ya ce lokaci bai yi ba. Irin wannan doka sai a watan Maris na 2022 aka sanya mata hannu.

Shekarar 1949 ce ta karya shi. A watan Afrilu ya yi jawabi a taron zaman lafiya a Paris, wani kamfanin dillancin labarai ya watsa cewa ya ce baƙin Amurka ba za su taɓa yaƙar Sobiyet ba. Rahoton bai yi daidai da kalmomin da ya furta ba, amma ya riga ya zaga ƙasa. Jaridu suka kira shi maci amana, manyan shugabannin baƙi suka nesanta kansu, kwamitin majalisa mai farautar ƴan gurguzu ya kira Jackie Robinson ya zo ya musanta shi, wato mutumin da Robeson ya yi wa fafutikar buɗe ƙofa. Ranar 27 ga Agusta gungun mutane ɗauke da sanduna da duwatsu suka hana wasansa kusa da Peekskill a jihar New York, suka ƙona gicciye. Ya dawo ranar 4 ga Satumba, mutane kusan 20,000 suka halarta, ƴan ƙwadago suka yi masa zobe da jikinsu yana waƙa. Da aka tashi, sai aka tura motoci ta wata siririyar hanya inda masu jifa ke jira, ƴan sanda na kallo. Fiye da mutum 140 suka jikkata.

Akwai wani ɓangare na wannan shekarar da masoyansa ba sa son a taɓo. A watan Yuni ya je Mosko daidai lokacin da Stalin ke kame Yahudawa masu ilimi. Ya matsa sai ya ga abokinsa, marubucin waƙa Itzik Feffer, aka fito da shi daga kurkuku aka kawo masa otal. Kamar yadda ɗan Robeson ya ba da labari daga baya, Feffer ya nuna masa da ishara cewa ana sauraron ɗakin, kuma ransa na cikin haɗari. A wasan da ya yi a Mosko Robeson ya ambaci sunan abokin nasa, ya rera waƙar mayaƙan Yahudawa da harshen Yiddish. Amma da ya koma Amurka bai faɗi abin da ya gani ba. An harbe Feffer ranar 12 ga Agustan 1952. A ƙarshen wannan shekarar Robeson ya karɓi lambar zaman lafiya ta Stalin, a 1953 kuma ya rubuta masa ta'aziyyar yabo. Ana iya fahimtar cewa bai so ya ba maƙiyansa makami ba. Fahimta dai ba wankewa ba ce, mutumin da ya iya kallon idon Truman ya yi shiru a nan.

A 1950 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta soke fasfonsa. Dalilin da jami'ai suka bayar shi ne cewa sukar da yake yi wa halin da baƙi ke ciki magana ce ta cikin gida, bai kamata a kai ta waje ba, kuma daga baya lauyoyin gwamnati suka ambaci fafutikarsa ta ƴancin ƙasashen Afirka. Duk ɗan ci-rani da ya taɓa ganin takardarsa a hannun wani ya san abin da wannan ke nufi, balle mutumin da kasuwarsa ke Turai. A cikin gida kuma zaure ya rufe, gidan talabijin na NBC ya soke fitowarsa a shirin Eleanor Roosevelt, shaguna suka janye faya-fayansa, wani kundin tarihin ƙwallo ya buga jerin gwanayen 1918 babu sunansa. Kuɗin shigarsa ya faɗo daga sama da dala 100,000 a 1947 zuwa kusan dala 6,000 a 1952. Coci-cocin baƙi da ƙananan zaurukan ƴan ƙwadago ne suka rage masa.

Bai yi shiru ba. A watan Disambar 1951 ya miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya takardar ƙorafi da ke zargin gwamnatin Amurka da kisan ƙare dangi a kan baƙi. Ya kafa jaridar Freedom a Harlem, inda wata matashiya mai suna Lorraine Hansberry ta koyi aiki, wadda a 1959 ta zama baƙar mace ta farko da aka nuna wasanta a Broadway, A Raisin in the Sun. Ranar 12 ga Yunin 1956 kwamitin majalisar ya kira shi. Ya ƙi amsa ko shi ɗan jam'iyyar gurguzu ne. Da aka tambaye shi me ya hana shi zama a Rasha, ya amsa cewa mahaifinsa bawa ne, mutanensa sun mutu wajen gina ƙasar, don haka yana nan yana da rabo a cikinta kamar kowannensu. A 1957, da aka shimfiɗa wayar tarho ta ƙarƙashin teku, ya tsaya a New York ya yi wa jama'a waƙa a wani zaure na Landan, daga baya ya yi wa ma'aikatan kwal na Wales haka.

A watan Yunin 1958 Kotun Ƙoli, a shari'ar Kent da Dulles, ta yanke cewa ma'aikatar ba ta da ikon hana mutum fasfo saboda ra'ayinsa na siyasa. Aka mayar masa da takardarsa yana da shekaru 60. Ya sake taka Othello a Stratford, garin Shakespeare, a 1959. A 1960 ya yi wa leburorin da ke gina gidan opera na Sydney waƙa a tsakiyar ƙarafa da siminti. Amma jiki da zuciya sun riga sun gaji. A watan Maris na 1961 ya yi yunƙurin kashe kansa a wani otal a Mosko, ya shafe kusan shekaru biyu a asibitin masu ciwon damuwa a Landan ana yi masa jinya da lantarki. Ranar da Martin Luther King ya tara jama'a a Washington a watan Agustan 1963, Robeson yana jinya a Turai, kuma shugabannin sabuwar fafutikar, da ake yi wa barazana da tambarin gurguzu, ba su cika ambatonsa ba.

Ya koma Amurka a watan Disambar 1963. Eslanda ta rasu a 1965, ya koma gidan yayarsa Marian a Philadelphia, ba ya ganin kowa sai ƴan kaɗan. Ya rasu ranar 23 ga Janairun 1976 bayan shanyewar jiki, yana da shekaru 77. An yi jana'izarsa a cocin Mother AME Zion da ke Harlem, inda wansa Benjamin ya daɗe yana limanci. Sai a 1995, shekaru 19 bayan rasuwarsa, aka shigar da sunansa zauren tunawa da gwanayen ƙwallon jami'o'in Amurka.